Tambaya da Amsa: Hawa jirgin ruwa a kogin Kwara (Neja)

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina jin labarin tashar jirgin ruwa ta Baro. Zan iya hawa jirgi daga can zuwa Lakwaja? Wane lokaci ya fi dacewa?

Amsa: Alhaji, Baro, garin da ke bakin Kwara a Jihar Neja, ai tsohuwar abokiyar cinikin Kano ce. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga can aka jawo shi, don jiragen da suka hauro Kwara su sauke kaya a Baro, jirgin ƙasa ya ƙaraso da su. Sabuwar tashar kuwa Shugaba Buhari ne ya buɗe ta a Janairun 2019, kuma ta kaya ce. Saboda haka kada ka tafi da tunanin yankar tikiti. Abin da ke ɗaukar mutane kwale-kwalen katako ne mai inji, wanda ke bin ranakun kasuwa daga wannan gari zuwa wancan. Doguwar tafiya sai dai shata, ko ka riƙa sauya jirgi.

Lokaci kuwa ruwa ne ke yanke shi. Daga Agusta zuwa Oktoba kogi ya cika ya batse, yana gudu da ƙarfi, yana ɗauko itatuwa da kainuwa masu naɗe farfela. Daga Maris zuwa Mayu ya janye, jirgi na yawan hawa yashi, sai fasinja sun sauka an tura. Mu dai Nuwamba zuwa Janairu muka fi so, in ban da ranar da hazo ya rufe. A Lakwaja ka hau dutsen Patti ka hango mahaɗar Kwara da Binuwai. Hedikwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ita ma a garin take.

Tambaya: Za mu biki wani ƙauye a tsallaken Yawuri, har da yara. Tun hatsarin Bagwai gabana ke faɗuwa. Yaya zan gane jirgin da za mu shiga? Daga wata uwa a Gwale.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya. Jirgin da ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ranar 30 ga Nuwamban 2021, ɗauke da 'yan Islamiyya daga Badau, lodi ne ya yi masa yawa.

To ki fara da duba lodin. Bayan kowa ya zauna, ki dubi tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. In bai kai taki biyu ba, ki sauka, ko da mai fito ya ce "saura mutum ɗaya mu tashi". Igiyar ruwa ɗaya ta ishi irin wannan. Buhuna da babura a ƙasa ake jera su, a tsakiya. Kayan da aka tula sama su ne ke rinjayar jirgi in ya karkata. Sai ki leƙa ƙarƙashin katakon zama. Ɗan ruwa ba komai, jirgin katako ya gaji haka, amma in yaron jirgi yana ta kwarfa tun ba a tashi ba, yoyo ne. Ki tabbata akwai filafili, don inji kan mutu a tsakiyar ruwa, galibi saboda fulogi ko ruwa a cikin mai, jirgi ya juya gefe ga igiya.

Rigar kariya ki tafi da taku daga Kano, kowa da girmansa. Ki ɗaure wa yaro, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. In ta haura kunnuwansa, ta yi masa yawa, zai zame a ruwa.

Dare kuwa ko kusa. NIWA ta hana, kuma da dalili: tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuka har yankin Yawuri, kututturan na nan a ƙasa, da rana ma sai ɗan gari ke gane gurbinsu. 'Yan biki sun fi faɗawa wannan tarko, don ba a watsewa da wuri. Ku kwana a can.

In jirgi ya fara tangaɗi, kowa ya zauna a inda yake, rugawa gefe ɗaya ke ƙarasa shi. In har ya kife, maza su yar da babbar riga, a riƙe jikin jirgin ko jarka mai murfi, kada a nufi gaɓa da iyo.