Yaron da ke azabtar da dabbobi: amsoshin likita

Wani magidanci daga Daura: Ɗana yana tsayawa kallon yankan ragon layya. Zuciyarsa za ta ƙeƙashe?

A'a, Malam. Yankan da aka yi bisa ƙa'ida, da wuƙa mai kaifi, ba shi da haɗi da zalunci.

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Yarona ɗan shekara bakwai yana fitsarin kwance, kuma na ji an ce alamar makashi ce. Mun ɗora masa tabarma a ka, yara sun bi shi da waƙa, bai daina ba.

Hajiya, don Allah a daina wannan tozartawa yau ɗin nan. Maganar ta samo asali ne daga John Macdonald, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, wanda a 1963 ya duba marasa lafiya 100 da suka yi barazanar kisa, ya ambaci fitsarin kwance da cinna wuta da cutar da dabbobi a matsayin halayen da wasunsu suka nuna tun suna yara. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da batun fitsarin ba. Ku kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, domin ciwon suga da ciwon mara suna iya kawo shi.

Wata kaka daga Ƙofar Marusa: Jikana ɗan shekara goma sha ɗaya yana ɗaure 'ya'yan kyanwa ya ƙona su yana dariya. An ce aljanu ne, a kai shi gidan mari.

Inna, wannan tambayar ce ta hana ni sakat. Harbin ƙadangare da danƙo ƙuruciya ce da ake tsawatarwa ta wuce, amma yaron da ya san dabba tana jin zafi, yake maimaita azabtar da ita a ɓoye yana jin daɗi, yana bukatar likita.

Masu binciken manyan laifuka sun daɗe da lura da wannan. Jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, da suka tattauna da makasa 36 a gidajen yarin Amurka sun tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku sun cutar da dabbobi tun suna yara. Edmund Kemper, wani makashi a Amurka, ya kashe kyanwoyi kafin ya kai ga mutane. Wani bincike na 1999 a jihar Massachusetts ta Amurka kan mutum 153 da aka kama da laifin cutar da dabbobi ya nuna sun ninka maƙwabtansu sau biyar wajen aikata ta'asa kan mutane.

Sai dai kada ki ɗauka an yanke wa jikanki hukunci, domin mafi yawan irin waɗannan yara ba su taɓa kashe kowa. Abin da na fi tsoro shi ne, sau da yawa yaron da ke cutar da dabba shi ma wani yana cutarsa, ko yana ganin ana dukan mahaifiyarsa, sai ya huce a kan abin da bai kai shi ƙarfi ba. Ki zaunar da shi a asirce ki tambaye shi wanda ke taɓa shi.

Batun gidan mari kuwa, raina yana ɓaci duk lokacin da na ji shi. Duk mun ga mutanen da aka fito da su ɗaure da sarƙa a Daura da Katsina a 2019. Yaya za a koya wa yaro tausayi da sarƙa da bulala? Ku yi masa addu'a, ku ba shi labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, amma ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina cikin wannan makon. Kafin nan, kada a bar shi shi kaɗai da ƙannensa, kuma a ɓoye ashana da kananzir. In ya taɓa wani yaro, kada ku jira gari ya waye, ku tafi asibiti nan take.