Ƙunar zuciya zunubi ce?

Tambaya: Malam, uwar mijina takan yi min habaici a gaban baƙi. Sai in ji ƙirjina yana tafasa, in ban mayar ba kamar zan shiƙe. Na mayar, in kwana da nadama. Na yi shiru, in wuni ina ƙuna. Ƙunar nan zunubi ce? Daga wata 'yar'uwa a Gangare, Jos.

Amsa: Ƙunar da kike ji ba zunubi ba ce, 'yar'uwa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su furta ko sun aikata ba. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Hisabi na kan harshe da hannu.

Abin da ke kai ki ga mayarwa shi ne zaton zafin ba zai lafa ba sai kin amayar da shi. Zai lafa. Yakan hau ya kai ƙololuwa ya sauka da kansa, idan ba a ƙara masa itace ba. Aikinki ki jure wannan ɗan tsakanin. Ki yi ta'awwuzi, kamar yadda ya zo a hadisin Sulaiman bin Surad. In kina tsaye ki zauna, haka Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Zarr. Ko ki ɗauki buta ki fita tsakar gida, wayarki kuwa ki kife ta, kada ki tura wa mijinki saƙon murya a wannan hali. Karon farko zai yi ɗaci ƙwarai, kuma ina ganin nan mafi yawan lada yake, domin Ali Imrana aya ta 134 ta yabi masu haɗiye fushi.

Wannan bai hana ki neman haƙƙinki ba. Nisa'i aya ta 148 ta halatta wa wanda aka zalunta ya yi magana. Bayan kin huce ki sami maigidanki ku biyu, ki gaya masa abin da aka faɗa ba ƙari, shi ya san yadda zai tunkari mahaifiyarsa cikin ladabi. In ƙuncin ya fara hana ki barci da cin abinci, ki je asibitin koyarwa na jami'ar Jos (JUTH) ki ga likita, neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah ne mafi sani.