Amsa ga ɗana da ke Makka game da zuwa gaban malami da waya

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kai da mahaifiyarka da ƙannenka kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso mini nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kuma na fahimci abin da ke damunka. Ka ce ka fara ɗaukar karatun Risala bayan sallar magariba a wurin wani malami ɗan ƙasarmu a Shara Mansur, ka je da wayarka kaɗai domin littafin yana cikin wata manhaja da ka sauke, sai ka lura dattawan da ke zaune a wurin suna ta kallonka, shi ya sa kake so ka ji ko rashin ladabi ne a al'adarmu ɗalibi ya zauna gaban malami da waya a hannu. Na yi murmushi da na karanta, domin a zamaninmu abin da ke hana yaro barci shi ne inda zai samo aron littafin. Amma da na kai inda ka ce manhajar tana ɗauke da dubban littattafai, har ba ka ga abin da ya rage maka ka nema ba, sai murmushin ya gushe.

Ka san cewa bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas, har suka kafa wannan gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kakana yana cikin waɗanda suka biyo sawunsu, kuma a cikin ɗan abin da ya iso da shi akwai Risala rubutun hannu, warƙa warƙa ba ɗinki, an haɗa ta tsakanin tadarishi biyu an saka a gafaka. Ita ce mahaifina ya gada, kuma da ita yake zuwa karatu wurin wani tsohon malami wanda idanunsa suka riga suka yi rauni.

A zamanin mulkin Janar Abbud a Sudan ne, ina yaro ɗan makarantar allo, wata la'asar gabanin faɗuwar damina, mahaifina ya tafi da ni in riƙe masa buzu. Suna zaune a ƙarƙashin rumfa a gefen masallaci, ya kwance igiyar gafaka ya ɗora littafin a cinyarsa, yana karanta Larabci gaɓa gaɓa, malam yana fassarawa, shi kuma yana amsawa da na'am. Sai muka ga sararin sama ya yi ja daga nesa, kafin a ce a tashi guguwar habub ta riga ta iso. Iska ta daki rumfar, ta ɗebi warƙoƙin daga cinyar mahaifina ta watsa su cikin unguwa. Ban taɓa jin muryar mahaifina ta yi rawa irin ta ranar ba. Maza da mata da yara duk suka fito cikin ƙurar da ba ka ganin tafin hannunka, ana ta kiran a kula kada wani ya taka sunan Allah. An ciro wasu daga jikin dangar kara, an tsinto wasu a turken jakuna, wata tsohuwa ta kawo guda a naɗe cikin gefen zanenta tana sumbatarta, samari kuma suka gangara har bakin kogi suna dubawa. Da aka idar da sallar isha'i, an tara abin da aka samu a kan faifai, amma komai ya cakuɗe, ga shi littafin ba shi da lambar shafi. Abin da marubutan da suke yi shi ne su rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, to amma gefen warƙoƙi da yawa ya riga ya cinye saboda tsufa.

Malam ya ce a kunna fitila. Mahaifina yana ɗaukar warƙa ya karanta kalmomi uku ko huɗu na farkonta, sai tsohon nan, kansa a sunkuye, ya ce wannan babin alwala ne, a sa ta bayan wadda ta ƙare da kaza. Wannan ta zakkar dabbobi ce. Wannan rabon gado ce, a ajiye ta can wajen ƙarshe. Haka suka yi ta yi har barci ya ɗauke ni a kan buzun. Da gari ya waye littafin ya koma yadda yake, in ban da warƙa guda daga babin aure da ba a gani ba. Malam ya sa aka kawo tawada da alƙalamin kara, ya yi ta faɗa daga ka, mahaifina yana rubutawa. Bayan shekaru, da bugun Misra mai rawayar takarda ya shigo hannunmu, na gwada warƙar nan da shi, ban sami saɓani ba. Abin da malam ya faɗa wa mahaifina a safiyar nan shi ne, ilmi a ƙirji yake zama, wanda nasa ke cikin gafaka kaɗai to iska ma tana iya raba shi da shi. Mahaifina kuma har ya rasu yana gaya mana cewa littafin da ba ka durƙusa ka karɓa daga bakin malami ba, aro ne a hannunka ko da kuɗinka ka saya.

Kada ka ɗauka ina gaba da waɗannan manhajoji. Yanzu da idona ya yi rauni, jikata ce take buɗe mini waya ta ƙara girman baƙaƙen har in iya karantawa ba tare da wahala ba, abin da takarda ba za ta yi mini ba. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, na ga malamai da ɗalibai da suka baro Hartum da Madani da tufafin jikinsu kawai, suka bar ɗakuna cike da littattafai, abin da ya rage musu na karatu shi ne wanda ke cikin wayoyinsu. Wanda ya ga wannan ba zai raina abin ba.

Sai dai akwai abubuwan da nake so ka kula da su. Littafin da ke cikin waya iri biyu ne. Akwai wanda hoton shafukan bugu ne, irin wanda kuke kira PDF, wannan shafinsa da wasullansa suna nan yadda maɗaba'a ta fitar. Akwai kuma wanda wani ya sake bugawa da hannunsa a kwamfuta, kamar yawancin abin da ke cikin manhajar Maktaba Shamila, wannan yana da daɗin bincike, amma sau da yawa babu wasali, kuma kuskuren mai bugawa yana shiga, alhali ɗigo guda a Larabci yana iya juya hukunci. A wasu manhajojin ma da zarar ka ƙara girman rubutu sai lissafin shafuka ya canza, malam ya ce a duba shafi kaza, kai kana wani wuri dabam. Haka Alƙur'ani: mu da ruwayar Warshu muka tashi, a rubutun da fa'un take da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, makwabtanmu a halwowin nan, wato makarantun allo, da yawansu Duri suke karantawa, ku kuma a can Hafsu ce, kuma ita ce manhajoji suka fi buɗewa da ita. Maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina tana buga duka ukun, saboda haka ka san wadda kake riƙe da ita kafin ka gyara wa wani tsoho karatunsa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne halin da nake gani ga samarin yanzu. Yaro zai rubuta kalma guda a wurin bincike, jumla ta fito masa daga tsakiyar littafin da bai taɓa karanta farkonsa ba, sai ya miƙe a masallaci yana ja da wanda ya shekara arba'in yana karantar da littafin. Ba mu taɓa yin haka ba. A gefen Risalar kakana akwai ƙananan rubuce-rubuce na ajami, wasu da Hausa wasu da Fillanci, inda kowane mai karatu ya ajiye abin da malaminsa ya gaya masa a kan kalma mai wuya, kuma ina jin takaici idan na tuna cewa 'ya'yanku ba za su sami irin wannan daga hannunku ba. Dattawan da suka kalle ka kuma ka yi musu uzuri, domin wanda ya ga yaro ya sunkuya a kan waya ba shi da hanyar sanin ko Risala yake dubawa ko saƙon abokansa, kuma kai ma ka san saƙon yana iya faɗowa a tsakiyar karatun.

Ka je ka sami malamin shi kaɗai bayan an tashi, ka durƙusa ka tambaye shi wane bugu yake karantarwa da shi, sannan ka nemi irinsa a shagunan littattafai na Aziziyya, ka riƙa zuwa da shi da alƙalami. Wayar ta yi maka amfani wajen maimaitawa a mota ko a wurin aiki. In kuma shi da kansa ya ce ka zo da ita, to zaurensa ne, ba ni da ta cewa, amma ka rufe intanet ɗinta kafin ka zauna. Batun taɓa Alƙur'anin cikin waya ba tare da alwala ba, wanda ka ƙara a ƙarshen saƙonka, shi ma ka kai masa, ka rubuto mini abin da ya ce da kuma babin da kuka kai. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan ina sa ta a addu'a.