Tambaya da Amsa: Shin "rigakafi" ma riga ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko "rigakafi" wata riga ce da ake sa wa jiki don kada cuta ta shiga, kamar yadda ake cewa gwamna yana da "rigar kariya". Na ce mata a'a, amma na kasa kawo hujja. Don Allah a warware mini ma'anonin wannan kalma. Daga wata malama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Amsar da kika ba ɗalibarki daidai ce, kuma tambayarta ta mai lura ce. Abin da ya rikita ta shi ne kalmomi biyu ne mabambanta suka yi tarayya a haruffa huɗu. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa suka zama ɗaya a takarda. A baki kuwa ko yaron goye ba ya haɗa su.

Rigar sawa ana jan "ri" ɗinta, murya ta fara daga ƙasa ta hau sama, kamar yadda ake faɗin "kaza" ko "jaki". Ɗaya rigar kuwa, ta "na riga ka zuwa", gajeren wasali gare ta a farko, muryar kuma a sama take tun daga fari har ƙarshe, sahunta ɗaya da "kira", "jira" da "biya". Masu ajami sun fi mu sauƙi a nan, domin suna ƙara harafin ya a rigar sawa don nuna jan wasalin.

Ta farkon suna ce, kuma mace. Shi ya sa ake cewa farar riga, sabuwar riga, rigata, rigarsa, jam'inta riguna. Ta biyun aikatau ce, ma'anarta shan gaban wani ko gama abu tun da wuri. Ita ce a "ya riga mu gidan gaskiya" da "riga malam masallaci" da "wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi". 'Yar'uwarta "rigaya" ita ta haifi "marigayi" da "marigayiya", daga gidan ne kuma "rige-rige" ya fito. Rigakafi ɗan wannan gida ne: riga da kafi, wato a kafe gari ko jiki kafin masifa ta iso. Ga hujjar da za ki ba ɗalibar: da rigar sawa ce, da "rigar kafi" za a ce, kamar rigar ruwa da rigar sanyi. Sannan ba a cewa "rigakafi ta fi magani", sai dai "ya fi magani", kuma allurar rigakafin ƙyanda ake cewa, da "n" ta namiji.

Akwai kuskure guda da ɗalibai ke yawan yi da aikatau ɗin. Wakilin sunan da ya zo kafin "riga" shi ake maimaitawa bayanta: sun riga sun tafi, baƙin da suka riga suka tafi. "Sun riga suka tafi" ba Hausa ba ce. A kuma lura da "ta riga": a "ta riga ta ci abinci" aikatau ce, amma a "kalar wandon ta fi ta riga haske" tufa ake nufi.

Yanzu mu koma kan rigar sawa, inda zancen ya fi yawa. Riga ita ce duk tufar da ke da wuya, wadda ke rataye a kafaɗa ta rufe ƙirji da baya. Wando ba riga ba ne, zane ba riga ba ne, haka mayafi da hula. Wannan ne ya raba ta da "tufafi" da "kaya", masu tattara duk abin sawa, da kuma "sutura", wadda asalinta Larabci ne mai nufin rufewa, har ake cewa an yi wa mamaci sutura.

To amma wace riga? Nan ne ake samun saɓani a shagon tela. A bakin dattijo, in ya ce zai sa riga ya tafi ɗaurin aure, babbar riga yake nufi. Saurayi kuwa zai kira ko shat ɗin da ya saya a gwanjon Kasuwar Barci riga. Mace in ta ce riga, ta sama take nufi, wadda ake haɗawa da zane ko siket, sai in ta ce doguwar riga. Saboda haka wanda ya miƙa wa tela yadi ya ce "ɗinka mini riga" kawai, bai gama magana ba. Bambancin yana da nauyi a aljihu: kaftani da wando na babban mutum kan ci yadi 4 zuwa 5 na shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa yadi 10 aka saba yankowa. Turmin atamfa yadi 6 ne, daga ciki ake fitar da riga da zane da ɗankwali, leshi kuma yawanci yadi 5 ake sayar da shi. Wanda ya kai yadi 5 yana tsammanin babbar riga, ko dai a ce ya ƙaro, ko a tsuke masa hannu har rigar ta ƙi naɗuwa a kafaɗa. Ƙarin ma yana da tasa matsalar, domin shaddar da aka yanko daga wani bandir ɗin ba lallai kalarta ta zo daidai da ta farko ba, kuma rana ce ke tona wannan.

Babbar riga kanta gida ce mai ɗakuna. Aljihunta babba yana ɓangaren hagu na ƙirji, a kansa ne aikin ya fi yawa. Dogayen zanen nan masu tsini da ke gangarowa su ne asake, da yawansu ake kiran rigar aska biyu ko aska takwas. Da'irar da ke murɗawa a dama da kuma baya ita ce tambari, aikin bakin wuya kuma linzami. Malum-malum ita ce wadda aiki ya mamaye gabanta da bayanta. Birnin Zariya ya yi suna a wannan ɗinki na hannu, wanda riga ɗaya kan ɗauki makonni ko watanni, kuma abin takaici ne yadda yara da yawa a yau suke kiran duk waɗannan "aiki" kawai, ba su san sunan ko ɗaya ba. Malama, ko darasi guda kika ware wa waɗannan sunaye, kin yi wa harshen hidima.

Daga nan kalmar ta fita daga jikin mutum. Idan aka liƙa mata "r", abin da ya biyo baya yakan faɗi ɗayan abu uku. Ko lokaci da dalilin sawa: rigar barci, rigar sanyi, rigar ruwa, rigar makaranta. Ko mai sawa: rigar likita, rigar lauya, rigar 'yan ƙwallo. Ko kuma abin da aka lulluɓe, ko da ba shi da rai: rigar filo, rigar katifa, rigar kujera. Rigar sulke da mayaƙan dauri suka sani ta dawo a labarai, yanzu ita ce wadda jami'an tsaro ke sawa don tare harsashi.

Rigar kariya da ɗalibarki ta ambata fuska biyu gare ta. Akwai ta zahiri, wadda ma'aikatan lafiya ke sawa a ɗakin masu cuta mai yaɗuwa, kamar yadda aka gani lokacin korona a 2020. Akwai kuma ta doka, wadda babu telan da ya ɗinka ta. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamna da mataimakinsa, a gaban kotu muddin suna kan kujera. Da jihohi 36, mutum 74 ke nan. Sanata ba ya ciki, minista ba ya ciki, shugaban ƙaramar hukuma ma haka. Kotun Ƙoli ta yanke a 2002, a ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya shigar, cewa kariyar ba ta hana 'yan sanda yin bincike ba. Wanda ya fara kiranta riga ya dace da kalma, domin ranar da wa'adi ya ƙare ake tuɓe ta.

Wannan siffa ta sawa da tuɓewa ita ce ke bayan sauran maganganun. In an ce wani ya fake da rigar addini ko rigar malanta, ana nufin abin da ke ciki daban ne da abin da ido ke gani. In an ce matsayin wane rigar aro ce, ana nufin mai ita zai zo ya karɓa.

Ga jimla guda da za ki rubuta a allo: "Tela ya riga ya gama rigar da za a sa wa jariri ranar rigakafi." Ki sa ɗalibar ta karanta da ƙarfi sau biyu, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da bakinta ya ja "ri" ɗinta. Guda ɗaya tak za ta samu, ta tsakiya.