Sarƙa mai siffar barkono: ado ce ko laya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke aiki a Italiya ya aiko mini da sarƙar azurfa mai wani ɗan abu ja a rataye, lanƙwasasshe kamar barkono. Da na sa ta a wani biki ƙawayena suka yaba, amma gwaggona ta ce in cire, hankalinta bai kwanta da abin ba. Mene ne ma'anarsa, kuma me ya sa ake yayinsa? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gwaggonki tana da hujja, domin abin da ke wuyanki a asali ba barkono ba ne, ƙaho ne. Italiyawa suna kiransa kornicello, wato ƙaramin ƙaho, kuma ya fi tashe a birnin Napoli da ke kudancin ƙasar, inda ake rataya shi a wuya, a mota, har a ƙofar shago, don tsari daga abin da suke kira malokkiyo, wanda mu muka sani da mugun ido ko kambun baka. Barkono bai isa Turai ba sai bayan tafiyar da matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya yi zuwa nahiyar Amurka, inda asalin barkono yake, a 1492, alhali camfin ƙaho ya riga shi da ɗaruruwan shekaru. Jan launi da tsinin baki ne suka sa ido yake ruɗuwa, har masu sayarwa da yawa suka koma kiransa barkono.

A al'adar mutanen Napoli, ba a saya wa kai. Sai an ba mutum kyauta ake cewa yana aiki. Mai yiwuwa ƙanenki tsaraba kawai ya gani ya saya, amma ya dace ki tambaye shi abin da aka gaya masa a shagon.

Yayinsa kuwa ya bi ƙaura. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa wajen miliyan huɗu suka tafi Amurka, akasarinsu daga kudu, suka tafi da shi, jikokinsu suka mayar da shi alamar asali. Daga baya masana'antu suka cika kasuwa da na roba da na gilashi, hotunan intanet suka ƙarasa aikin.

Ni a ganina, mace ta san tarihin abin da ta rataya kafin ta shiga taro da shi. Mun san laya, mun san kambu, mun kuma san yadda malamanmu suke tsananta magana a kan dogaro da wani abu don neman kariya. Idan zuciyarki ta yi rawa, ki kai wa malamin da kika amince da shi, ki faɗa masa asalin abin yadda na bayyana, kada ki ce masa barkono ne kawai.

Sai batun daraja. Na ƙwarai da jan murjanin Bahar Rum ake yinsa, kuma garin Torre del Greco kusa da Napoli ya shahara da sassaƙa shi. Murjani na gaske yana da ɗan nauyi da sanyi a tafin hannu, na roba kuwa sakayau yake, kuma allura mai zafi tana huda shi. Kada ki bari lemun tsami ko turare ya taɓa shi, domin suna cinye ƙyallin murjani. Azurfar kuma, kowane maƙerin fari a babbar kasuwa zai duba miki ita.