Ina Tattaki Amma Nauyina Bai Ragu Ba, Hantata Na Amfana Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi mini hoton ciki, aka ce kitse ya taru a hantata, alhali ban taɓa shan giya ba. Aka ce in riƙa motsa jiki. Wata biyu ke nan ina tattaki da safe, amma ko kaɗan nauyina bai ragu ba. Ko wahalar banza nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki daina. Sikeli ba ya ganin abin da ke faruwa a hanta, kuma bincike ya tabbatar da cewa motsa jiki na rage kitsen hanta ko da nauyi bai sauka ba.

Ga yadda abin yake. Yawancin masu wannan larura, jikinsu ya daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata. Sai kitsen tumbi ya riƙa malalowa zuwa hanta, ita ma hantar tana juya rarar sukari zuwa kitse. Idan kika motsa jiki, tsokoki ne ke zuƙe sukarin daga jini su ƙone shi, aikin insulin ya gyaru, abin da ke isa hanta ya ragu. Amma wannan gyaran ba ya daɗewa idan aka zauna, shi ya sa naci ya fi ƙarfin yi muhimmanci.

Ki nemi aƙalla minti 150 a mako, misali minti 30 sau biyar, da saurin da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Tafiyar rangwaɗa ba ta wadatar ba. Ki ƙara da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne daga kujera.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba: idan hantar ta fara kumburi ko tabo, sai an rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki kafin a ga sauyi sosai. Nan abinci ya shigo, musamman rage shan lemon kwalba da zoɓon da aka cika wa sukari.

Ki kuma nemi a gwada ki ciwon hanta nau'in B da ciwon sukari, domin na farkon ya yawaita a ƙasarmu, kuma idan ya haɗu da kitse hanta ta fi jigata. Idan kina da hawan jini ko ciwon zuciya, ki ga likitanki kafin ki ƙara sauri.