Zane ya fito a allo, Knit ya ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An ba mu aiki a darasin ƙididdiga, mu zana yadda farashin tiyar gero ke hawa da sauka a kasuwar Charanchi da manhajar R, mu miƙa ran Alhamis. Zanen yana fitowa sumul a RStudio, manhajar da muke sarrafa R a cikinta, amma da na danna Knit, maɓallin da ke fitar da kammalallen rahoto, sai ya ce "object not found", wato bai ga abin da yake nema ba. Ina gizo ke saƙa?
Ɗaliba daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Knit ba ruwansa da abin da kika riga kika loda. Sabon zama yake buɗewa, wayam, ya bi fayil ɗin Rmd, wato wanda kika rubuta aikinki da umarnin R a ciki, daga layin farko har ƙasa. Da alama ta maɓallin Import Dataset kika shigo da alƙaluman, Knit kuwa bai san an yi ba.

Ki buɗe folda guda, ki zuba Rmd da gero.csv, fayil ɗin alƙalumanki, a ciki, domin inda Rmd yake nan Knit ke fara nema. A chunk na farko na Rmd, wato akwatin da ake rubuta umarnin R, ki rubuta library(ggplot2) don kiran kayan zane, ƙarƙashinsa gero <- read.csv("gero.csv") don shigo da alƙaluman. Ban da install.packages, umarnin sauke ƙarin kayan aiki, a nan; sau ɗaya ake yin sa, a Console, tagar da ake buga umarni kai tsaye.

Sai alƙaluman kansu, inda ɗalibai suka fi zamewa. In an rubuta farashi 1,500 ko N1500, R zai ɗauke shi rubutu ne ba lamba ba, ya jera shi kamar haruffa, har 900 ta hau saman 1,500. Ki buga str(gero). Kika ga chr, alamar rubutu, a gaban farashi, ki share waƙafin da N ɗin. Kwanan wata ma sai an juya shi da umarnin as.Date, R ya gane kwanan wata ne. Tunda farashi ne mai bin lokaci, geom_line, mai zana layi, ya dace da shi. Da umarnin labs ki sa take, ki rubuta "Naira kan tiya" a gefe. Zane babu ma'auni asarar maki ne a banza.

Fitar da aikin a PDF yana buƙatar wata manhaja daban mai suna LaTeX, sauke ta kuma na cin data. In malaminku bai ce lallai PDF ba, HTML ko Word ya wadatar. Kafin miƙawa ki danna Restart R, ki sake Knit, ki buɗe abin da ya fito ki duba da idonki. Ki tura shi tare da Rmd da csv tun daren Laraba, kada wuta ko sabis su yi miki tsiya.